Masu keke, hanyar nan tana da masu ita

Duk ƙarshen damina, daga tsakiyar Satumba zuwa Oktoba, ƙorafi ɗaya ne ke yawo tsakanin masu hawan keken daji a Kaduna: hanya ta lalace. Wannan ya ce ruwa ya cinye gangaren da ke bayan ƙauye kaza, wancan ya ce gamba ta rufe turba har mutum ba ya ganin gabansa, wani ya turo hoton tayarsa ta nutse cikin taɓo. Daga nan sai a koma kan gwamnati, a ce da a wata ƙasa ce da tuni an gyara. A yi tsaki, a sauya hanya zuwa wadda ba ta lalace ba tukuna. Bayan mako biyu ko uku wani ya kawo albishir cewa wancan gangaren ya gyaru, kowa ya yi murna, Asabar mai zuwa a ɗunguma can. Ban taɓa jin wanda ya tambayi wa ya gyara ba.

Ni ma ina cikin masu hawan, don haka ba daga gefe nake jifa ba. Abin da nake gani shi ne hanyoyin nan da muke kira namu suna da masu su, mutanen da ke share su da guminsu kowace shekara, kuma suna binmu bashi. Bashin aiki ne, da hannu ake biyansa.

Yawanmu ya ƙaru a 'yan shekarun nan. Cire tallafin man fetur da aka yi ranar 29 ga Mayu, 2023 ya mayar da mutane da yawa kan keke don dole, amma ba su nake nufi ba. Ina nufin mu da likita ya ce mu rage tumbi saboda hawan jini ko suga, da samarin da abin ke burge su, masu keke mai giya da ƙatuwar taya, galibi na hannu ɗan Kwatano, ga hular kwano, ga gorar ruwa a maƙale. Kwaltar cikin gari ba ta karɓe mu ba. Wanda ya taɓa ratsa Kawo a kan keke tsakanin bas da a-daidaita-sahu ya san dalili. Ko minista bai tsira ba, domin Ojo Maduekwe, ministan sufuri na zamanin Obasanjo da ya yi ta kiran 'yan Najeriya su koma keke, mota ta taɓa ture shi cikin kwata a Abuja. Sai muka juya bayan gari, inda Allah ya yi wa Kaduna baiwa. Ko ta Millennium City ka fita, ko ta Rigachikun, ko ka nufi Kujama, kafin gumi ya jiƙa maka riga ka bar gidaje, ka shiga gonaki da fadamu da duwatsu, da siraran hanyoyi masu hawa da gangara.

Ƙafa ce ta fitar da waɗannan hanyoyi: ƙafar manomi mai sammako, ta matan Gbagyi da ke ɗauko itace da doya a kafaɗa, ta matan Fulani masu tallan nono, ta 'yan makaranta, da kofaton shanu a burtali. Wasu daga ƙauyukan da suke haɗawa sun girmi garin Kaduna kansa, wanda sai a 1917 Turawa suka dawo da hedikwatar Arewa cikinsa daga Zungeru. Idan damina ta ja baya, kaka ta gabato, mai unguwa kan sa a yi shela a tsayar da ranar gayya, a fito da fartanya da adda da shebur, domin masara da dawa da waken suya ba za su fito daga gona da kansu ba. Gyaruwar da muke wa murna ke nan.

Kafin a yi maganar gyara, sai an san abin da ke kashe hanya, kuma ruwa ne. Kaduna na samun ruwan sama fiye da milimita 1,000 a shekara, mafi yawansa a 'yan watanni kaɗan, Agusta da Satumba kuwa kamar da bakin ƙwarya. Duk inda ake takawa yau da gobe ƙasa kan danne, ta yi ƙasa da gefenta ko da da faɗin yatsa biyu ne. Wannan ya ishi ruwa. Da zarar ya faɗa cikin hanyar da ta miƙe sambal daga kan tudu zuwa rafi, ba shi da mafita, sai ya bi ta, yana ƙara gudu yana kwasar ƙasa. Shekarar farko ɗan tsagi ne da tayar keke za ta iya faɗawa. Ta biyu tayar babur ta bi tsagin ta faɗaɗa shi. Ta uku ya kai gwiwa, mutane suka fara kaucewa ta gefe suna taka kunyar wani bawan Allah. Shi kuma ya sare ƙaya ya tare, aka koma ɗaya gefen, ruwa ya bi sabon sawun. Da haka turbar da ba ta fi taku biyu ba ke zama kwazazzabo, a kuma samu gaba tsakanin maƙwabta a kan abin da diga ɗaya da rabin awa za su magance tun farko.

Mu masu keke muna da namu kason a ciki. Akwai mai danne birkin baya a gangare har taya ta daina juyi ta riƙa jan ƙasa, don a ɗauke shi bidiyo ƙura na tashi. Sawun da ya bari shi ne tsagin da ruwan gobe zai bi. Akwai masu fita da sassafe bayan an kwana ana ruwa, ƙasa tana da laushi, mutum goma su bi layi ɗaya. Akwai mai gudun kududdufi kada kekensa ya ɓaci, ya hau kan shukar mutane.

Na san amsar da za a ba ni, don na sha jin ta: mene ne keke a gaban tifar yashi, da motar gawayi, da babur mai buhu uku, da garken shanu? Gaskiya ne. Ɓarnarmu ba ta kai tasu ba, ko kusa. Amma mai babur ɗin ƙauyen ranar gayya za ka gan shi da shebur, manomin ma haka. Su neman abinci ya sa suke bin hanyar, kuma suna gyara ta. Mu nishaɗi ya kawo mu, a kan keken da kuɗinsa zai sayi buhunan taki, mu wuce ko sannu da aiki babu. Ko da a ce tayarmu ba ta taɓa kwasar ƙwayar ƙasa ɗaya ba, wanda ya mori abu tare da mutane, ba kunya ba ce a ce ranar wahalarsa ba ya nan?

Masu cewa a ƙasashen waje gwamnati ce ke yin komai ba su bi tarihin wasan keken daji ba. A gundumar Marin ta jihar Kalifoniya a Amurka aka fara shi cikin shekarun 1970, lokacin da wasu samari irin su Gary Fisher da Joe Breeze da Charlie Kelly suka riƙa gangarowa daga tsaunukan yankin a kan tsofaffin kekuna da suka yi wa kwaskwarima. Da abin ya bazu, masu tafiyar ƙafa da masu dawaki suka kai kuka, hukumomi suka fara rufe wa keke hanyoyi. A 1988 ƙungiyoyin mahaya na Kalifoniya suka haɗu suka kafa IMBA, ƙungiyar masu hawan keken daji ta duniya, kuma babban abin da suka sayi mutunci da shi shi ne fitowa aikin sa kai a kan hanyoyin. Wasan ya shiga gasar Olamfik a Atlanta a 1996, amma har yau hanyoyi da yawa a can mahaya ne ke kula da su a ƙarshen mako ba tare da ko sisi ba. Dokokin aikin da suka tattara ma duk a kan ruwa suke. Hanya ta ratsa jikin tudu a karkace, kada ta fuskance shi. Tsayuwarta kada ta wuce rabin tsayuwar tudun da take ratsawa, kuma a dunƙule kada ta wuce kashi 10 cikin 100, wato hawan mita 10 a tafiyar mita 100. Doron hanyar ya ɗan kwanta wajen gangare da kamar kashi 5 cikin 100 don ruwa ya tsallake ta ya wuce. Kowane ɗan nisa kuma a yi mata ɗan kwari da ɗan tudu, yadda ruwan da ya shiga zai samu inda zai fita.

Babu ko ɗaya cikin wannan da zai ba manomin Chikun ko Igabi mamaki. Wata Asabar, kaɗan daga cikinmu mun samu izinin mai unguwa muka shiga gayyar wata hanya da ke gangarawa rafi a gabashin gari. Wani abokin hawanmu, ma'aikacin ofis mai ƙarfin jiki, ya kama shebur ya dinga zuba ƙasa cikin ramin da ruwa ya yanka, yana dannewa da takalmi. Wani dattijo ya jingina da fartanyarsa yana kallonsa har ya cika kusan rabi, sannan ya ce, "Ɗana, sannu da ƙoƙari. Amma ruwan farko zai kai wannan ƙasar rafi. Zo ka ga inda ciwon yake." Ya ja shi suka hau sama da kamar taku talatin, inda ruwan gonaki biyu ke haɗuwa ya faɗo hanya. A nan ya sa aka sari 'yar magudana a karkace da diga, zurfinta bai kai tsawon tafin hannu ba, bakinta ya fita cikin ciyawa. Ƙasar da aka haƙo aka tara ta ta ƙasan magudanar aka daddanne da bayan shebur, ta zama ɗan tudun da keke da baro za su haye ba tare da sun ji ba. Aka yi irinta uku kafin a kai ramin. Sai a sannan aka koma kansa, aka jera manyan duwatsu a ƙasa, tsakuwa a sama, marmara a kai. Yara suka tono jema daga bakin fadama aka dasa a jere a gefe, domin saiwarta na nutsawa ƙasa sosai ta riƙe ta. Abokin namu ya ce, "Baba, ai abin da ke cikin littafin Turawa ke nan." Dattijon ya ce shi dai bai san littafi ba, amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

A ranar ce kuma na ga inda buƙatarmu da tasu suka rabu, kuma wannan ne ya fi muhimmanci a wurina. Akwai wani dutse da ya turo kai a tsakiyar gangaren, wanda mu kan yi tsalle a kansa. Samarin ƙauyen suka zo da diga da guduma za su fasa shi. Ɗaya daga cikinmu ya ce don Allah a bar shi, ai shi ne daɗin wurin. Shugaban samarin ya ce, "Yallaɓai, a kan dutsen nan babur ya kayar da yayata da tsohon ciki." Aka yi shiru, aka fasa dutse. Mai keken daji yana son hanya mai wuya, mai duwatsu da kwana-kwana da tsayuwa, shi ne abin da ya fito nema. Mai ƙauye yana son ta miƙe ta yi laushi ta yi faɗin da baro zai wuce, a fitar da mara lafiya da daddare. Duk inda biyun suka ci karo, nasu ne a gaba, ba tare da jayayya ba. Wanda ke son tsalle ya nemi izini a kan fako ko falalen dutsen da ba kowa ke bi ba, ya gina abinsa a can. Abin da ban yarda da shi ba shi ne mutum ya shigo da fartanya ya yi wa hanyar jama'a tudun tsalle don kansa, ya kira shi gyara.

To me zai hana mu haɗa kuɗi mu ba su, mu huta? Kuɗi na da wurinsa. Buhun siminti, bututun kwalbati, baro, diga da manjagara daga maƙeran Panteka da za a bari a hannun mai unguwa, abinci da ruwan masu aiki, duk kuɗi ne, kuma mu muka fi su halin fitar da shi. Amma a miƙa wa mutane damin takardu a ce ku gyara mana hanya, wannan mayar da gayya ƙwadago ne. Baɗi babu wanda zai fito sai masu keke sun biya, kuma kafin nan an yi rigima a kan wanda ya karɓa da abin da ya raba. Za mu shiga da niyyar taimako mu kashe abin da ke riƙe da hanyar tun kafin a haife mu. Wanda ciwon baya ko shekaru suka hana shi riƙe diga ya zo duk da haka. Ya raba kunu, ko ya taho da mai faci a zauna gindin mangwaro a duba kekunan yaran ƙauyen, a ɗaure birki, a sa wa sarƙa mai. Hadisi ya ce kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ce, kuma maƙwabtanmu Kirista da muke hawa tare ba su rasa irin wannan koyarwa a nasu littafin ba.

Aikin sa kai yana da cutarsa, ba zan ɓoye ba. Ranar farko mutum talatin, kowa da wayarsa a sama. Ta uku mutum huɗu. Tilas ma ba ta magance wannan ba. Tsaftar muhallin ƙarshen wata da muka gada daga mulkin Buhari da Idiagbon a tsakiyar shekarun 1980 ta koma, a wurin mutane da yawa, ranar ramuwar barci. Shi ya sa ba na goyon bayan a kafa wata babbar ƙungiya mai shugaba da sakatare da riga mai tambari da bikin ƙaddamarwa. Kowane rukunin mahaya ya ɗauki hanya ɗaya tak, wadda ya fi bi, ya san mai unguwarta da arɗon da ke kusa, ya bi lokacinsu. A watan Afrilu, kafin ruwa ya sauka sosai, a buɗe magudanai. A Agusta a bar gangare ya huta, a hau inda ke da tsakuwa, idan an tarar da kududdufi a bi ta tsakiyarsa ko a sauka a tura. A Oktoba a sare gamba kafin girbi, da takalmin roba mai tsawo saboda kasa da kububuwa. Da hunturu ƙasa ta yi tauri diga ba ta shiga, lokacin tara duwatsu ne a ajiye inda za a buƙace su. Fita uku ko huɗu a shekara ke nan, bai kai abin da muke ɓatawa wajen wanke keke ba.

Akwai kuma maganar da kowa ke yi ƙasa-ƙasa. A jihar da aka kai hari gidan shaƙatawa na Kajuru a 2019, aka kwashe ɗalibai a kwalejin gandun daji ta Afaka a 2021, aka tare jirgin ƙasan Abuja a Maris na 2022, babu mai hankalin da zai shiga daji yadda ya ga dama. Wurare masu kyau da yawa, irin dajin Kamuku a Birnin Gwari, mun daɗe da cire su daga lissafi. Amma mu dubi abin ta idon mutanen ƙauye. Baƙi goma sun ɓullo daga daji da hular kwano da baƙin tabarau da matsattsun kaya, ba sallama, suna ɗaukar hoton gidaje da na mata a rafi, a lokacin da kowa ke tsoron 'yan leƙen asirin ɓarayin daji. Me za su ɗauke mu? Ba na cewa gayya maganin rashin tsaro ce. Amma mutumin da kuka ɗauki dutse tare, kuka sha kunu a kwano ɗaya, shi ne zai tare ka a bakin gari ya ce, "Alhaji, yau kada ku bi ta bayan dutse." Saboda irin wannan ne ma nake ganin ya kamata mu daina baza taswirar inda muke bi da lokacin fitarmu a intanet kowa ya gani, don ba mu kaɗai abin ke jefawa cikin haɗari ba.

Duk wannan bai sauke wa gwamnati nauyinta ba, kuma ba na so wani kansila ya karanta ya ce to madalla, jama'a sun ɗauke mana. Gadar da ruwa ya tafi da ita da kwazazzabon da ya fi tsayin mutum sun fi ƙarfin fartanya. Aikin ƙaramar hukuma ne da na jiha, kuma akwai shirye-shiryen da aka ware musu kuɗi don haka, irin ACReSAL, shirin farfaɗo da ƙasar da ta lalace, wanda Bankin Duniya ya amince wa dala miliyan 700 a ƙarshen 2021 don jihohin Arewa 19 da Abuja. A nan ne muke da abin da mutanen ƙauye ba su da shi. A cikinmu akwai injiniya da lauya da ɗan jarida da wanda ya san ƙofar kowane ofis. Wayoyinmu suna zana hanyar da muka bi da tsayin kowane tudu. Maimakon roƙon a kewaye mana wani fili a gina mana wurin wasan keke, wanda na tabbata ciyawa za ta cinye shi bayan damina biyu, gara mu yi amfani da wannan dama a kan hanyoyin da mutane ke rayuwa a kansu.

Mafi gaggawa ma ba ruwa ba ne, katanga ce. Gari yana cin ƙauyuka ta kowace kusurwa, ana yanka filaye, kuma turbar da ba ta cikin takarda ba ta da mai kare ta. Ka bi hanya bara, bana ka tarar da bulo a tsakiyarta, matan da ke zuwa rafi sun koma zagaye mai nisa, shanu sun rasa burtali sun faɗa gonar wani. Tun da jihar ta kafa KADGIS don ajiye bayanan filaye, akwai inda za a kai magana kafin a zuba harsashin gini. A zauna da masu ƙauyen su nuna hanyoyin da ba za su iya rayuwa babu su ba, mu bi su da waya mu fitar da taswira, a haɗa da hotuna, a rubuta takarda a nemi a bar musu wuri a cikin kowane sabon tsarin filaye. Sa hannun mai unguwa da na arɗo da na shugabar mata su zo a sama, namu a ƙasa.